Araha Ma Tana Ado: Alƙalamin da Ya Dace da Ɗan Zango

Idan lokacin komawa makaranta ya zo, lissafin iyaye a Aboabo da Asawase da Sabon Zango na nan Kumasi kusan iri ɗaya ne: yadin yunifom, kuɗin tela, takalmi, jaka, littattafai. Abin rubutu shi ne na ƙarshe, shi ma sai an juyo za a bar kasuwar Kejetia ake tunawa da shi, a miƙa wa mai tire canjin da ya rage, a karɓi 'yan birori a cusa a jaka. Kafin wata ya zagayo, wasu sun ɓace, wani ya ƙafe da tawadarsa a ciki, wani an tauna masa kai. Ba mai tambaya, domin ba wanda ya ɗauke su a bakin komai.

Ni kuwa a ganina, abin da yaro zai wuni da shi a hannu, a boko da safe, a makarantar Islamiyya da yamma, ya cancanci a tsaya a zaɓa masa. Ra'ayina shi ne kowane ɗalibin da hannunsa ya zauna, da kowane malami, da duk mai sana'ar da ke ajiye littafin lissafi, ya mallaki alƙalami mai shan tawada guda ɗaya. Ba sai mai tsada ba. Sharaɗi biyu kawai nake kafawa: a gwada bakinsa kafin a biya, kuma ya zama wanda za a iya shayar da shi daga kwalbar tawada a nan Kumasi.

Ba baƙon abu na kawo ba. Garin nan ya san tawada tun kafin ya san kwalta. Turawan Ingila biyu, Thomas Bowdich da ya zo a 1817 da Joseph Dupuis da ya biyo shi a 1820, duk sun tarar da malamai Musulmi a Kumasi zamanin Asantehene Osei Bonsu, sarkin Asante, suna karantar da yara, suna rubuta wa fada wasiƙu da Larabci, suna yi wa mayaƙa layu. Yawancinsu mutanen Gwanja ne da Dagwamba da Wangarawa. Hausawa sun yawaita ne daga baya, bayan Ingilishi sun mamaye garin a 1896, fataken goro suka samu shigowa har cikin ƙasar Asante. Wani tarin takardun waɗancan malamai na farko, ɗaruruwan shafuka na addu'o'i da wasiƙu, yana ajiye yau a ɗakin karatu na masarautar Denmak da ke Kofenhagen, ana kuma kyautata zaton a yaƙin Katamanso na 1826 ya faɗa hannun Turawa. Shekara kusan 200 ke nan, har yanzu masana na buɗewa suna karantawa.

Haka Alhaji Umaru, haifaffen Kano a wajejen 1858, wanda ya zauna Salaga, ya rasu a Kete-Krachi a 1934. Tun yana saurayi, a 1877, ya wallafa ɗan littafi a kan yadda ake tsara wasiƙa, wanda daga baya aka buga a Alƙahira. Ya san fatake na bukatar rubutu kamar yadda suke bukatar jakuna: a aika saƙo gida, a tuna wa abokin ciniki bashi, a yi ta'aziyya daga nesa. Duk wannan aiki, na malaman Kumasi da na Alhaji Umaru da almajiransa, da me aka yi shi? Da kara, da wuƙa, da kurtun tawada.

Wanda ya taɓa zama gaban alaramma yana fiƙe alƙalami ya san abin da nake nufi. Zai ɗebo kara ya jujjuya, ya ajiye wannan don bai gama bushewa ba, ya ajiye wancan don ya yi laushi, ya ɗauki wanda ya ƙeƙashe. Ya fere gefe ɗaya a karkace, ya rage ɓangarori biyu har bakin ya tsuke, ya sa tsinin wuƙa ya tsaga tsakiya, 'yar tsagar da ido da ƙyar yake gani. Sannan ya datse bakin sara ɗaya, a ɗan jirkice. Ba zai miƙa wa almajiri ba sai ya tsoma a kurtu ya ja layi biyu uku a gefen allo. In ya ji kaushi, ya ƙara gyarawa. In tawada ta zubo da yawa, ya san tsagar ta yi zurfi, ya datse ya sake.

Karan nan kuɗinsa bai kai komai ba. Darajarsa na cikin bakinsa, da idon da ya zaɓo shi, da hannun da ke kula da shi. Wannan ita ce ƙa'idar da muka gāda, kuma ita nake so mu tafi da ita shago.

Tunanin alƙalamin da zai riƙe tawadarsa a cikinsa tsoho ne a duniyar Musulmi. Alƙali al-Nu'uman ya ba da labarin cewa halifan Faɗimiyya al-Mu'izz, wanda a zamaninsa aka kafa Alƙahira a ƙarni na 10, ya nemi a ƙera masa alƙalamin da ba sai an tsoma ba, wanda ba zai ɓata hannu ko tufa ba, kuma maƙeri ya yi masa na zinariya. Amma irin wanda muke gani yau ya zauna ne bayan Ba'amurke Lewis Waterman ya yi wa nasa rajista a 1884. Sirrin na cikin baƙar robar nan da ke kwance ƙarƙashin bakin ƙarfen, wato magudanar tawada. Tana da siraran hanyoyi: tawada na gangarowa, iska na hawa ta maye gurbinta. Idan suka daidaita, rubutu zai tafi sumul. Idan iska ta kasa hawa, alƙalami ya ƙafe, idan ta yi yawa, ya yi ambaliya. Daga magudana tawada ke shiga tsagar baki ta isa takarda, daidai yadda take bin tsagar karan alaramma. Shi ya sa ba a danna shi. Nauyinsa kaɗai ya isa ya ja layi.

Za a ce mini araha ba ta ado. A kan atamfa da takalmi, sau da yawa gaskiya ne. A kan alƙalami, sai mu duba abin da kuɗin ke saye. Masu tsadar nan da ake sakawa a akwati mai kilishin ciki, bakinsu na zinariya ne, jikinsu an ƙawata shi, sunan kamfaninsu ya yi nisa. Masu araha bakinsu baƙin ƙarfe ne wanda ba ya tsatsa. Amma a mafi yawansu, mai tsada da mai araha, abin da ke taɓa takarda ɗan ƙwallo ne na wani ƙarfe mai tauri da aka liƙa a tsinin baki. Yadda aka goge ƙwallon nan, da yadda ɓari biyun bakin suka daidaita, shi ne ke sa rubutu ya yi daɗi ko ya yi ƙaiƙayi. Zinariya na ƙara ɗan laushi da kyan gani, ba ta gyara rubutun kowa. Ga ɗalibi kuwa, tsada kanta illa ce: alƙalamin da uba zai ji tsoron a kai makaranta don kada ya ɓace, akwati zai ƙare.

To, yaya ake zaɓa?

Tambayar farko ita ce yadda yake shan tawada, domin a nan ne yawancin mutane ke yin asara. Akwai mai kwanso, wato ɗan bututun roba da ke zuwa cike da tawada, a cusa shi, in ya ƙare a jefar a sa wani. Akwai mai robar matsawa a ciki, wanda ake tsoma bakinsa a kwalba a matsa a saki ya zuƙo. Akwai mai ɗan famfon da ake murɗawa ya ja tawada sama. Mai kwanso ya fi sauƙi, amma shi ne tarko. Manyan kamfanoni irin su Parker da Lamy da Pilot da Platinum, kowanne yana da siffar kwansonsa, na wannan ba ya shiga na wancan. Ɗan'uwa zai dawo daga Jamus ko Amurka da tsarabar alƙalami mai kyau da kwanso biyu, a yi murna. Ranar da suka ƙare, a zaga shagunan Adum ba a dace da irinsu ba, alƙalami ya koma durowa. Don haka ka nemi mai zuƙa daga kwalba, ko wanda aka haɗo da famfonsa. In kuwa mai kwanson ne ya riga ya shigo hannu, kada a jefar da kwanson da ya ƙare. Babba ya sa sirinji ya cika shi daga kwalba, zai yi ta amfani har bakinsa ya saki.

Lissafin a fili yake. Kwalbar tawadar Parker Quink mililita 57 ce, ƙaramin kwanso kuwa bai cika mililita ɗaya ba. Kwalba guda za ta cika alƙalami fiye da sau 60, kuma yara uku a gida ɗaya za su iya sha daga gare ta. Mu da muka ga hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin 100 a Disambar 2022, sidi na narkewa a aljihu, mun san amfanin abin da ake saya sau ɗaya ya daɗe.

Na biyu, kaurin baki. Za ka ga harafi a jikin bakin: EF siriri ƙwarai, F siriri, M matsakaici, B mai kauri. Ga ɗan Zango, F nake ba da shawara, saboda dalili biyu. Na ɗaya, takardar littattafan rubutun da yaranmu ke amfani da su ba ta da ƙwari, tana shan tawada. Baki mai kauri zai sa haruffa su yi gashi, tawada ta ɓullo ta bayan shafi, a yi asarar rabin littafi. Na biyu, yaronmu hannu biyu yake rubutawa. Da safe yana tafiya daga hagu zuwa dama, da yamma daga dama zuwa hagu. Mai rubutu da hannun dama, idan yana rubuta Larabci ko ajami, gefen hannunsa na bi ta kan abin da ya gama rubutawa yanzu, kamar yadda bahago ke fama a boko. Idan tawada ba ta bushe ba, sai ya shafe ta. Siririn baki na zuba tawada kaɗan, ta bushe da wuri, kuma ya bar wa ɗigo da wasali wurin zama ba tare da sun haɗe ba. A kuma sani cewa ma'aunin ba ɗaya ba ne: F na Japan ya fi F na Turai sirantaka, har M ɗinsu kan yi kusa da F na Jamus.

Wanda ke son rubutun ƙawa, mai kauri da sirantaka irin na kwafar littafi ko allon zayyana, wannan wani fage ne. Akwai alƙaluma masu faffaɗan baki da aka datse a jirkice domin Larabci, amma har gobe kara bai rasa matsayinsa a can ba. Maganata a kan alƙalamin aikin yau da kullum ce.

Na uku, murfi, wanda mutane suka fi rainawa. Tawadar irin wannan alƙalami ruwa ce. Idan murfin ba ya rufewa ruf, iskar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu za ta busar da bakin cikin dare ɗaya, da safe yaro ya yi ta girgiza shi yana fantsala wa abokan zama. Ka rufe ka buɗe a gaban mai shago. Mai murɗawa ya tsaya cak, mai turawa ka ji ya ce ƙas. Murfin da ke rawa, ajiye shi. Zafi ma na da nasa aikin: iskar da ke cikin alƙalami na kumbura in ta ji rana ko ɗumin jiki, ta turo tawada waje, musamman idan ya kusa ƙarewa. Maganin wannan shi ne a soke shi a aljihu bakinsa na kallon sama, kada a bar shi a rana ko cikin mota. Mai farar riga ranar Juma'a ya riƙe wannan da kyau.

Na huɗu, jiki. Wasu masu arahar ana yi musu jikin tagulla mai nauyi da ƙyalli don su yi kama da na manya, mai saye ya ɗauka nauyi shi ne inganci. Wanda zai cika shafi biyar a zama ɗaya, mara nauyi ya fi masa, kuma wurin riƙon kada ya zama ƙarfe mai santsi, domin gumi zai sa ya riƙa zamewa. Na roba mai haske, wanda ake hango tawada a cikinsa, ya fi wa yaro, zai ga ta kusa ƙarewa tun a gida.

Sai babban al'amari, gwaji. Ka tafi shago da littafin rubutun yaron, ba takardar mai shago ba. Ka ce masa, “Maigida, don Allah a ba ni in tsoma in gani.” Kafin ka tsoma, ɗaga bakin saitin haske ka duba shi ta gaba. Ɓari biyun su zama kai ɗaya, kada wani ya ɗara wani. Tsagar ta tafi tsakiya, ta tsuke a tsini ba tare da ta manne ba, magudanar kuma ta kwanta daidai ƙarƙashinta. Sannan ka tsoma, ka riƙe shi sako-sako, ka ja layi sama da ƙasa, dama da hagu, ka zana lamba 8 sau da yawa a jere. Ka rubuta sunanka da boko, ka rubuta da ajami. Wani bakin yana tafiya lafiya idan ana jan sa zuwa dama, ya riƙa kartar takarda idan aka tura shi hagu, kuma mu hagun nan rabin aikinmu ne. Idan ya tsallake wani wuri, ko sai ka danna yake bayarwa, mayar ka ɗauki wani daga kwalin guda. Alƙaluma masu araha ba a tantance su ɗaya-ɗaya a masana'anta, cikin dozin za ka samu na ƙwarai, ka samu gurgu. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Mai shagon da ya hana ka gwadawa, yi masa sallama cikin mutunci ka wuce na gaba.

Game da sunaye, ga waɗanda aka sani. Daga Sin akwai Hero, tsohon kamfanin Shanghai da aka kafa a 1931, wanda samfurinsa 616 ya kwaikwayi siffar Parker 51 ta 1941, mai ɓoyayyen baki da robar matsawa. Yana da araha ƙwarai, bakinsa siriri, sai dai jabunsa sun yi yawa, gwaji ya zama dole. Akwai Jinhao da Wing Sung, su ma na Sin, waɗanda yawanci ke zuwa da famfonsu. Pakistan na yin Dollar mai murɗawa, wanda ba ya bukatar kwanso ko kaɗan, Indiya na yin Camlin, duka biyun don 'yan makaranta aka yi su. Daga Japan akwai Platinum Preppy, wanda a kasuwannin waje bai kai dala 10 ba, yana da wani murfi na ciki da ke hana bushewa, da Pilot Kakuno da aka ƙera domin yara masu koyo. Bakin na Japan ya fi zuwa daidai tun daga kwali, amma a tuna a haɗo da famfonsu. Lamy Safari na Jamus, wanda ya fito a 1980, ƙarfinsa ya shahara, wurin riƙonsa mai kusurwa uku na koya wa yatsu zama, sai dai kuɗinsa ya ninka na sauran sau da yawa. Wannan kyautar wanda ya gama jarrabawar WASSCE ce ko ya shiga jami'ar KNUST, ba na ɗan firamare ba.

Tawada kuma, a nan nake roƙon a saurare ni da kyau. Kada a zuba wa wannan alƙalami zuge, wato tawadar allo. Tawadar allo gawayi ce da ƙaro, ƙaron zai daskare a siraran hanyoyin magudana ya toshe su. Haka tawadar masu zane, haka tawadar hatimi ta ofis. A nemi wadda aka yi domin alƙalami mai shan tawada, irin Quink ko Pelikan 4001 ko Hero. Haka nan a ɗaya ɓangaren: tawadar kwalba rini ce da magungunan masana'anta, ba a yi ta don ciki ba. Rubutun sha na zuge ne da kara, kada a haɗa su ko da wasa. Kowanne da hurumin aikinsa.

Mai shago kuma da ke rubuta bashi ya san cewa shuɗiyar tawada ta yau da kullum ruwa na wanke ta. A garin da damina ke zuwa sau biyu a shekara, rufi na yoyo, kwata na ambaliya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take, don haka littafin bashi amana ne. A yi masa tawada mai shuɗi-baƙi irin wadda ke kama takarda, a gwada ta tun farko: a rubuta layi, a bari ya kwana, a ɗiga masa ruwa a gani. Kulawar alƙalamin kuwa ba ta da wuya. Duk bayan 'yan makonni a zuƙi ruwan sanyi a fesar har ya fito fari. Ban da ruwan zafi, ban da kananzir. In za a tafi dogon hutu, a juye tawadar, a wanke, a ajiye.

Ba na cewa a kori biro daga gida. Tun da László Bíró ya yi wa ƙirarsa rajista a 1938, kamfanin Bic kuma ya fito da nasa mai araha a 1950, biro ya kai rubutu hannun miliyoyin talakawan da ba su taɓa mallakar alƙalami ba, wannan alheri ne babba. Akwai wuraren da shi ne sarki. Rasit mai kabon sai an danna, kuma wannan alƙalami ba ya son danni. Rubutu a kan kwali ko takarda mai santsi, na biro ne. Ranar jarrabawar BECE ko WASSCE, a bi abin da hukuma ta ce a zo da shi, a kuma riƙe biro na ko-ta-kwana. Yaron da bai iya rufe kwalbar man shafawarsa ba, a bar shi da fensir tukuna.

Amma akwai abin da biro ba ya koyarwa. Tawadarsa mai kauri ce, sai an danna ƙwallon ke juyawa, shi ya sa za ka ga yaro ya damƙe shi, ya duƙa, yatsansa na tsakiya ya yi kanta, shafin baya duk ya yi rami. Kafin ya cika shafi biyu hannu ya gaji, rubutu ya watse. Alƙalami mai shan tawada na tilasta masa ya sassauta riƙo, ya daidaita kusurwa, ya rage garaje. Ba banza ba makarantun firamare da yawa a Jamus har yau da shi suke koya wa yara rubutu. Mu kuwa da ma haka tarbiyyar allo take: a fara da hannu, a gyara harafi, kafin a kai ga sauri. Yanzu da yawancin makarantunmu na Islamiyya suka koma littafi da biro, muna yaye yara masu ƙira'a mai daɗi waɗanda ba sa iya karanta abin da suka rubuta da hannunsu bayan mako guda. Waya ta zo ta ƙara, saƙon murya ya maye gurbin wasiƙa. Jikokin mutanen da takardunsu ke Kofenhagen bai kamata su zama masu tsoron farar takarda ba.

Akwai kuma darasin mallaka. Yaron da aka ba abu guda aka ce nasa ne, ya san sai ya rufe shi, ya cika shi da dare, ya wanke shi, ya nemo shi in ya ɓace, ya fara koyon riƙon amana a kan abin da in ya lalace gida ba zai girgiza ba. Wanda ya saba komai na jefarwa ne, haka zai tashi yana kallon kaya, kuma ƙarshen kayan jefarwa mun san inda yake, duk mai wucewa ta gadar rafin Aboabo yana gani da idonsa.

Wannan ba aikin da za mu jira Asusun Raya Zango ko ɗan majalisa ba ne, a aljihunmu yake. 'Yan kasuwarmu na Alabar da Kejetia masu sari daga Guangzhou da Dubai, ku sa kwalin alƙaluma masu famfo a cikin kaya, ku haɗo da tawadarsu, domin alƙalami ba tawada ɓata kuɗin mutane ne, ku kuma ajiye buɗaɗɗiyar kwalba a kan kanta don mai saye ya gwada. Masu makarantu, daga Aboabo zuwa Sawaba da Tafo, ku ware rabin awa a mako domin gyaran hannu, boko da Larabci, kwalba ɗaya a teburin malam ta ishi aji. Iyaye da kawunnai da gwaggonni, ranar walimar sauka, cikin kuɗin da ake kashewa a kan lemo da rumfa, a cire kaɗan a saya wa mai sauka alƙalami da kwalbar tawada. Ku tafi da shi shagon, ku bar shi ya tsoma, ya ja layinsa, ya zaɓa da kansa. Wanda ya zaɓi alƙalaminsa da hannunsa zai kula da shi, kuma zai yi rubutu da shi.